Sunan Jaririyar da Ke Cikin Kwalba: Amsar Gwaggo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗana, barkanmu da arziki. Allah Ya raya mana ita, Ya ba mai jego lafiya.

Na saurari saƙonka a tsanake. Ka ce an haife ta ranar Talata da hantsi, ciki yana mako 30, nauyinta kilo 1.3, yanzu tana cikin kwalba da robar iska a hanci. Mahaifiyarka ta ce ba a taɓa suna a gidanmu babu jariri a ɗaka ba, don haka a karɓo ta ko na yini ɗaya ne a yi mata aski. Surukarka kuma tana son tafiya da 'yarta wankan gida, tunda haihuwar fari ce. Kana tambaya ko suna yana yiwuwa babu jaririya, ko kuwa ɗagawa za a yi.

A yi suna ranar Talata mai zuwa, kwana bakwai da haihuwarta, yarinya kuma tana nan inda take. Kada a fito da ita ko na awa ɗaya. Wannan ita ce amsata, sauran maganar dalilai ne da za ka riƙe.

Hadisin da aka gina suna a kansa shi ne na Samura ɗan Jundub, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito: a yanka wa abin haihuwa dabba ranar bakwai, a aske kansa, a sa masa suna. Babu inda aka shardanta cewa sai jariri yana gidan da ake yankan. Wanda matarsa ta haihu a Makka yana Kano ai yanka ragonsa yake yi. A Risala, wadda muka karanta a makarantar soro, dabba ɗaya ce ga namiji ko mace, da hantsi ake yankawa, kuma ba a ƙirga ranar haihuwa cikin bakwai ɗin. Shi ya sa sunan Bahaushe yake zagayowa ranar da aka haihu. Tirmizi ya kawo cewa malamai sun yarda a yi ranar 14 ko 21 idan bakwai ta kuɓuce, amma mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne akika, wato yankan suna, tana wucewa da wucewar ranar bakwai. To tunda kana da ragon, me zai sa ka jira? Shi kuwa sunan kansa, ko yau ka ga dama ka raɗa mata. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a daren da aka haifi ɗansa Ibrahim ya sa masa suna. Ka nemi izinin nas, ka wanke hannunka har gwiwa da sabulu, ka matsa kusa da ƙofar kwalbar ka yi mata huɗuba a hankali. Ba na son ma'aikata su ci gaba da kiranta da lambar gado.

Aski mustahabbi ne, kuma zai jira. Fatar kan ɗan mako 30 ba ta yi ƙwarin da aska za ta bi ta kai ba, ƙaramin ƙwarzane ya isa ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa jini. Kai kuma shi ne wurin da jariri ya fi zubar da ɗumin jikinsa, shi ya sa ka ga hula ba ta barin kanta. Sadakar nauyin gashi ka ƙiyasta ka bayar. Dabinon da ake taunawa a shafa a baki, da zamzam, da ruwan rubutu, duk a dakata, domin ba ta iya haɗiya ba tukuna, ɗigo ɗaya yana iya bi ta hanyar numfashi. Zuma ma ba a ba yaro ita sam sai ya cika shekara. Addu'a dai tana isa gare ta ba sai an buɗe kwalba ba, ku yawaita.

Mahaifiyarka za ta ce da kai a da ma ana haihuwar bakwaini, kuma ana raya su a gida. Gaskiya ta faɗa. Kakanninmu sukan naɗe bakwaini da auduga, a rufe ɗaki, a ajiye kaskon wuta, a hana kowa shiga sai uwa da ungozoma. Duba da kyau ka ga abin da suka gane: ɗumi, da nisantar hannun jama'a. Kwalba aikin nan take yi, sai dai ita tana riƙe zafin jikin yarinya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 dare da rana, ba hayaƙi, ba garwashin da zai mutu cikin dare. Abin da ba a faɗa shi ne waɗanda suka rayu a wancan zamanin galibi sun ɗan kwana biyu a ciki ne. Irin taku da yawa ba su kai ranar suna ba, sai a ce ba mai zama ba ne, a yi haƙuri. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin haihuwa, na san yadda jariri yake dawowa bayan an fita da shi taron suna: jiki sanyi ƙalau, baki ya ƙi nono. Wasu an samo kansu, wasu ba a samu ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da za ka gani a makonni masu zuwa, don kada kowane ƙaramin abu ya ɗaga maka hankali. Cikakken ciki mako 40 ne, duk wanda aka haifa kafin mako 37 bai cika ba. Taka ta rigayi lokacinta da mako 10, kuma aikin makonnin nan goma a waje za ta yi shi. Huhunta bai gama samar da wani ruwa mai santsi da ke hana shi mannewa ba, shi ne dalilin robar hanci. Wani lokaci za ta yi kamar ta manta da numfashi na 'yan daƙiƙu, na'ura ta yi ƙara, nas ta taɓa ƙafarta ta ci gaba. Akwai maganin da suke bayarwa don wannan, kuma yana raguwa da kansa yayin da ƙwaƙwalwa ke ƙara nuna. Ka ce sikeli ya nuna ta koma kilo 1.2 har ka kasa barci. Kowane jariri yana raguwa a makon farko, ruwan jiki ne ke fita, bakwaini yakan rasa kashi 10 cikin 100 ko ɗan fiye. Wajen mako biyu take komawa nauyin haihuwarta, daga nan kuma abin da ake nema ga mai girmanta kamar giram 20 ne a rana. Wata rana za ta ƙaru, wata rana ta tsaya cak, don haka da mako ake dubawa, ba da yini ba. Idan ka ga jikinta ya yi rawaya an kunna mata shuɗin haske an rufe idanunta, shawara ce ake kashewa, kuma hasken shi ne maganin, ba saiwa ba, ba shanya a rana ba. Tsotso da haɗiya da numfashi a tare sai wajen mako 32 zuwa 34 suke haɗuwa. Kafin nan ta siririyar roba za a riƙa zuba mata nono zuwa ciki, a fara da abin da bai kai rabin cokalin shayi ba, a riƙa ƙarawa. Daga roba sai ƙaramin kofi, daga kofi sai mama. Ranar da ta kama da bakinta, ka yi sadaka. Kafin sallama kuma ka tambaya ko an duba idanunta, domin jariran da aka haifa da wuri irin haka akwai ciwon da ke kama bayan ido, wanda ake magancewa idan an gan shi da wuri.

Wannan ya kawo mu kan matarka, kuma nan ne maganar ta fi nauyi a wurina. Nonon da ake zubawa a robar nan nata ne, ba wanda zai maye gurbinsa. Hanjin bakwaini yana da rauni, nonon uwa ne yake kare shi daga wani mugun kumburi da madarar gwangwani ke ƙara haɗarinsa. Daƙashin nan mai kauri da tsofaffi ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafinta na farko, ko ɗigo kada ya tafi ƙasa. Dole ta riƙa tatsa duk bayan awa biyu zuwa uku, har cikin dare, in ba haka ba ruwan zai janye. Ta yaya za ta yi wannan tana gidan iyayenta a wata unguwa, ana dafa mata ruwa safe da yamma? Wankan gida an yi shi ne don yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba ta samu mai kula da ita, ta huta, ta koyi reno a hannun uwarta. Manufa ce mai kyau, ban taɓa raina ta ba. To uwar ta zo inda 'yar take. Ta kawo mata tuwo da miya mai kyau, da kunun gyaɗa, da farfesun ƙauri, ta zauna da ita. Ta yi wanka da ruwa mai ɗumi daidai jiki. Amma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya har fata ta saɓule, da kunun kanwa kwano-kwano, da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta, waɗannan a bar su. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, suka kuma danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafin nan. Idan an sallame su, ta tafi gidansu ta yi ko wata biyu ne, da yardarka.

Sai kunyar ɗan fari. Na san tarbiyyar gidansu, za ta ji nauyin ɗaukar yarinyar a gaban mahaifiyarka, balle ta rungume ta. A wannan ɗakin ta ajiye kunya a bakin ƙofa tare da takalminta. Ba da jimawa ba nas za su ce ta ɗora yarinyar a ƙirjinta, fata da fata, daga ita sai kunzugu da hula, a ɗaure da zani, awanni da yawa a rana. Renon kangaru suke ce masa. Wani likita mai suna Edgar Rey ya fara shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalabe suka yi musu kaɗan. A 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, a asibitin koyarwa na Ile-Ife, kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara wa wannan goyo nan take, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 25 cikin 100. Taka tana cikin wannan rukunin. Macen da ta iya goyon baya ba za ta kasa goyon ƙirji ba. Kai ma za ka karɓe ta idan uwar ta gaji, kuma kada ka ce min namiji ba ya yi. Ka kuma toshe bakin duk mai cewa aiki ta yi da yawa ko ta fita da almuru, shi ya sa ta haihu da wuri. Zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da ciwon sanyi suna jawo haihuwa kafin lokaci, sau da yawa ma ba a gano dalili. Mace mai damuwa nononta yakan yi wuyar sauka.

Akwai abin da ba ɗagawa nake so a yi ba, sokewa nake so. Cire beli ba ya cikin addini, ba ya hana amai ko tari, abin da yake kawowa zubar jini ne da cutar titanus, wadda ke sandarar da jariri ya kasa buɗe baki. Haka abin da ake yi wa 'ya'ya mata da sunan cire angurya, wanda dokar tarayya ta 2015 ta hana. Haka tsaga a ciki ko a ƙirji. Cibiya kuma ba gashi da tsumma, ba toka, ba man goge baki, sai abin da asibiti suka bayar.

Idan ta daina tsaida numfashi, tana shan nono da kyau, tana riƙe ɗuminta a wajen kwalba, nauyi kuma yana hawa, za su sallame ku. Mai yiwuwa hakan ya zo kusa da arba'in, amma kada ka yanka musu rana. Idan kun dawo, 'yan barka su gaisa daga falo, mai mura ya yi barkarsa ta waya. Ba turaren wuta a ɗakinta, ba kafur a cikin kayanta, don yana fasa jinin wasu jarirai ya tayar da shawara. Allurar rigakafi da ranar haihuwarta ake ƙirgawa, amma zama da rarrafe da tafiya sai ka cire makonni 10 ɗin nan, har ta kai shekara biyu. Tana wata shida, abin ɗan wata uku da rabi za ka nema a wurinta. Ka gaya wa matan gida wannan tun yanzu, kafin su fara gwada ta da 'ya'yan maƙwabta.

Ranar Talata a taru bayan asuba a ƙofar gida, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, a sanar da suna, da hantsi a yanka rago a rabar. Taron mata da anko da kiɗa a bar su sai ta dawo ta yi ƙwari, kuɗin ya tafi asibiti, don za ka buƙace shi. Wanzami ka aika masa da kasonsa na nama da goro da ɗan abin hannu, ka ce aski sai an sallamo ta, kuma aski kaɗai. Gadonsa ne, kada ya ji an wulaƙanta shi. Ka je wurin liman yau ka karanta masa abin da na rubuta, mahaifiyarka za ta fi natsuwa idan daga bakinsa ta ji. Kada ka yi jayayya da ita, tsoro ne yake sa ta magana, jikarta ce. Surukarka kuwa ba kai za ka tunkare ta ba, wannan aikina ne. Zan iso ranar Litinin in Allah Ya yarda, gidansu zan fara sauka, daga can mu wuce asibiti tare da ita. Ka turo min nauyin yarinyar na gobe da safe, da adadin nonon da ake ba ta a kowane zubi.

Ka gaida mai jego da kyau, ka ce ina yi mata sannu.

Gwaggonka.