Tambayi Mai Magani: Ina maganin hanta na wata uku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mai sayar da atamfa ce a babbar kasuwar Garwa. Bara maigidana ya je ba ƙanensa jini, aka ce yana da ciwon hanta nau'in B. Bayan gwaje-gwaje likita ya ɗora shi kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce babu ranar dainawa. Sai ɗanmu da ke jami'ar Ngaundere ya gani a waya cewa kamfanin da ya fito da maganin yana da wani mai warkarwa cikin wata uku, har da na ciwon daji. Don mu talakawa ne aka hana mu mai kyan? Maigidan har ya fara cewa ya gaji, zai ajiye. Daga Maman Yara, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, don Allah ki riƙe Alhaji kada ya ajiye ƙwayar nan ko da na mako guda ba da sanin likitansa ba. Cutar B takan kwanta ne saboda maganin ya danne ta. In aka sake ta lokaci guda tana iya tasowa da ƙarfi ta kumbura hanta. Na taɓa ganin wani direban babbar mota da ya daina don ya ji sauƙi, wata uku ba su cika ba aka kawo shi ido rawaya kamar kurkum, fitsari kamar shayin da ya daɗe a wuta.

Abin da ɗanku ya gani gaskiya ne, sai dai ya haɗa cuta biyu. Kamfanin sunansa Gilead, an kafa shi a 1987 a jihar Kalifoniya ta Amurka. Maganin wata ukun shi ne sofosbuvir, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2013, kuma na nau'in C ne. Ƙwayar cutar C ba ta da maɓoya mai zurfi, ana iya share ta tas. Ita kuwa ta B takan shige can cikin cibiyar ƙwayoyin hanta ta ajiye irinta, inda magani bai kai ga tumɓuke shi ba tukuna. Ko a Faransa ko a Amurka, mai kuɗin da ke da B irin wannan ƙwayar yake sha kullum. Ba a rage wa Alhaji komai ba.

Amma zarginki na talauci ba daga sama ya faɗo ba, kuma ni ma abin yana ci mini rai. Ranar da sofosbuvir ya fito, dala 1,000 ake sayar da ƙwaya ɗaya a Amurka, dala 84,000 na mako 12, wato sama da sefa miliyan 40. Bayan kukan da aka yi ta yi, a 2014 kamfanin ya ba masana'antun Indiya izinin yin irinsa don ƙasashe 91 masu ƙaramin ƙarfi. Haka ma suna da izinin yin tenofovir, wanda ya fara fita a 2001 don cutar ƙanjamau, aka amince da shi don hanta a 2008. Ki duba kwalin da ke gidanku, mai yiwuwa sunan Indiya za ki gani. Sinadarin ɗaya ne, muddin a famasi mai lasisi kuka saya. Na kan tebur a bakin tasha kam ku bar shi.

Batun ciwon daji, Gilead ya sayi kamfanin Kite a 2017, ya kuma sayi kamfanin Immunomedics a 2020 kan dala biliyan 21, ya shiga yin magungunan dajin jini da na mama. Ba su shafi Alhaji ba. Abin da ya shafe shi shi ne cutar B ce kan gaba wajen jawo dajin hanta a ƙasashenmu, kuma ƙwayar nan da ya gaji da ita ita ce ke rage masa wannan haɗari. Ki gaya masa haka da bakinki, da daddare bayan ya ci tuwo, in ya so ki ajiye masa kwalin kusa da butar alwalar asuba.

Sai ki kula da abin da ke shiga tukunya. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi a rumbu suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai suna aflatoksin, kuma in ta haɗu da cutar B hanta na shan wuya ninki. Ki tsince gyaɗar miya da ta kunu da hannunki, duk mai ɗaci ko baƙi ki zubar. Jiƙe-jiƙen da ake tallar "wankin hanta" a kasuwa ma ya ƙaurace musu.

Duk wata shida a yi masa hoton ciki, a riƙa duba ƙodarsa lokaci-lokaci don maganin kan taɓa ta. Ke da yaran duka ku je gwaji, akwai reshen cibiyar gwaje-gwajen lafiya ta Centre Pasteur nan Garwa, wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi. In akwai mai ciki a gidan, ku nemi a yi wa jaririn allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Allah ya ba Alhaji lafiya, ki sake rubuto mini in sakamakon yaran ya fito.