Raba tukunya da raba gida

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya daga unguwar Bagalam, cikin Maraɗi. Gidansu akwai surukanta, ga mijinta da ƙannensa biyu da matansu, ga jikoki. Ta nemi a bar kowace mace ta riƙa ɗora nata girki, sai surukarta ta ce wannan raba gida ne, maƙwabciya kuma ta ce ai dama "zo mu zauna, zo mu saɓa". Tana son sanin ko karin maganar yana hana zaman tare.

Malama, bai hana ba. Labari yake bayarwa: duk wanda ka kira ku zauna, to ka kira saɓani tare da shi, don haka kada abin ya zo maka da mamaki. Ɗan'uwansa shi ne "harshe da haƙori ma suna saɓawa", kuma ba wanda ya taɓa cire haƙori don ya ciji harshe. Masu jawo shi don su zuga mace ta tayar da mijinta daga gidan iyayensa suna ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Maganar surukarki kuwa, a gaya mata cikin ladabi cewa kakanninmu sun bambanta raba tukunya da raba gida. A ƙauyukan ƙasar Maraɗi, gandu shi ne babbar gonar da mai gida da ƴaƴansa da ƙannensa ke nomawa tare. Daga rumbunta ake ci, daga nan ake biyan haraji, a yi wa samari aure. Amma a gefe akwai gamana, wadda a Kano ake cewa gayauna: ƴar gonar da mai gida ke yankar wa matarsa ko ɗansa, su noma a ranakun da ba na gandu ba, abin da ya fito kuma nasu ne, ba mai tambaya. Haka ginin gida yake. Zaure ɗaya ne, amma kowane magidanci da sashensa, da katanga ko zana tsakani. Ashe tun asali an san gidan yawa ba ya ɗorewa sai kowa yana da ɗan abin da zai ce nasa. Raba gida sai ranar da aka raba gandun, ko aka fasa wa sashe ƙofarsa ta waje. A ganina tukunya ɗaya ta fi daɗi lokacin da hatsi daga rumbu ɗaya yake fitowa. Yau da wannan ke kasuwa, wancan na kabu-kabu, wani na ɗaukar albashi, kuɗin cefane ne ke fara haɗa mata faɗa. Ku raba murhu, amma kwanon tsofaffi ya riƙa fita daga kowane sashe.

Wani ɗalibi kuma ya ce ya ji ana cewa "babba juji ne", yana tambaya ko zagi ne. A'a, yabo ne mai nauyi. Juji shi ne inda kowa ke zubar da shara, babba kuma shi ne wanda kowa ke kai wa ƙorafi, ya shanye, bai kwashe ya kai wani sashe ba.

Mai tambayar sunan matar wan miji ko ta ƙanen miji: faccala ake ce mata. Kishiya sai wadda kuka haɗa miji.