Bindiga ce ko Annoba ta Cinye 'Yan Asalin Nahiyar Amurka?

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda aka yi 'yan tsirarun Turawa suka rusa manyan dauloli a nahiyar Amurka, har mutanen wurin suka kusa ƙarewa. Shin bindiga ce ta yi wannan ɓarna, ko kuwa cututtuka ne kamar yadda wasu ke faɗa?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Bindiga ta yi nata, amma ba ita ce ta fi kisa ba. Lokacin da Kolombas ya isa tsibiran Karibiyan a 1492, mutanen nahiyar sun shafe dubban shekaru ba su da cuɗanya da Turai, Asiya ko Afirka, saboda haka jikinsu bai san agana da ƙyanda ba, cututtukan da Turawa suka saba da su tun suna yara.

Dubi abin da ya faru a Meziko. Hanan Kotez, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya sauka a 1519 da mayaƙa kimanin 500, kuma da farko mutanen daular Aztek sun fatattake shi daga babban birninsu, Tenochtitlan. Sai agana ta shiga birnin a 1520, ta kwantar da gida gida, har ta kai ba mai ɗebo ruwa ko dafa abinci ga majinyata, kuma ta kashe sabon sarki Kuitlawak bayan ya yi kwana kusan 80 kacal a kan mulki. Da Kotez ya dawo ya ci birnin a watan Agusta na 1521, mafi yawan mayaƙansa ba Turawa ba ne, mutanen Tilaskala ne da wasu ƙabilun da suka gaji da harajin Aztek. A Peru ma, wani jagoran mayaƙan Sifaniya, Fransisko Pizaro, ya kama sarkin daular Inka, Atawalpa, a Kahamarka a 1532 da mutum 168, a daidai lokacin da daular ta fito daga yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan sarki biyu.

Sai dai ina roƙonka, kada ka bar ɗalibanka su tafi da tunanin cewa annoba ce kaɗai ta yi aikin, domin wannan zai wanke hannun waɗanda suka aikata zalunci. Al'umma takan farfaɗo bayan annoba idan aka bar ta ta yi noma, ta haihu, ta binne matattunta. Waɗannan mutane ba a bar su ba. Sifaniyawa sun raba ƙauyuka ga mayaƙansu, kowa da mutanen da za su yi masa aikin dole su biya shi haraji. Bayan an gano azurfa a dutsen Potosi, a Bolibiya ta yau, a 1545, gwamna Fransisko de Toledo ya tsara a shekarun 1570 cewa kowace shekara ɗaya daga cikin magidanta bakwai na lardunan da aka ware zai tafi haƙar ma'adinai. Mutum zai baro gonarsa, ya shiga rami mai duhu da kyandir, ya hauro tsani ɗauke da buhun duwatsu a baya, wasu kuma a tura su haƙar zaiba a Wankabelika, inda guba ke cin jikinsu. Mai yunwa da gajiya irin wannan, cuta kaɗan ta ishe shi.

Su kansu Sifaniyawan wasunsu sun yi tir da abin, kamar limamin coci Batolomi de las Kasas, wanda ya ga yadda al'ummar Taino, 'yan asalin tsibirin Hispaniyola da ke Karibiyan, ta narke. Kuma da ma'aikata suka yi ƙaranci a gonakin rake, sai Turawa suka juyo gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna sayen bayi.

Ka kuma gyara wa ɗalibanka kalmar "ƙarewa". Miliyoyin mutane na magana da harshen Kecuwa, harshen daular Inka, a Peru, Bolibiya da Ikwado har yau, kuma a 2006 Ebo Morales, ɗan ƙabilar Aimara ta 'yan asalin nahiyar, ya hau kujerar shugabancin Bolibiya.