Amsar Baffa Kan Wasan Kwaikwayon Samarin Unguwa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce ƙungiyarku ta samarin unguwa ta nuna wasan kwaikwayo a ɗakin taron makaranta kwana biyu bayan ƙaramar salla, kai ka fito a matsayin mai unguwa mai cinye filin marayu, har ka ɗauko irin tafiyar mai unguwarku da gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana, aka wayi gari dattawa suna fushi da ku. Ka ce daraktanku ya tsayar da wasa har sau biyu don ya tsawatar wa 'yan kallo masu sa baki, sannan wani matashi da ya karanci fannin a jami'a ya rubuta dogon sharhi, inda ya ce abin da kuka yi bai kai a kira shi wasan kwaikwayo ba, tashe ne kawai aka shigar ɗaki. Shi ne kake tambayata abin da al'adarmu ta tanada: ko ya halatta a kwaikwayi babba, ko wajibi ne mai kallo ya kama bakinsa, kuma wane ne ke da hurumin yanke wa wasa hukunci.

Zan fara da maganar mai sharhin, domin ita ta fi ba ni dariya. Ya faɗi kalmar tashe ne da nufin ya ƙasƙantar da ku, alhali da ya san tashe da bai yi zagi da shi ba. Tun kafin a gina ɗakin taro ko ɗaya a ƙasar Hausa, idan azumi ya kai kwana goma, yara kan fito bayan an sha ruwa su bi gida-gida, kuma abin da suke yi ba shi da wani suna in ba kwaikwayo ba. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya naɗa tsumma a matsayin rawani, ya rataya allo, 'yan amshi suna tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa, shi kuma yana musantawa da dukkan kamalar malanta, har kiɗa ya ci ƙarfinsa ya ɓarke da rawar a gaban kowa. A cikin 'yan mintuna an nuna maka mutumin da bakinsa daban aikinsa daban, an yi dariya, kuma babu malamin kirki da ya taɓa kai ƙara, don kowa ya san da wane irin malami ake. Wani ya fito a Jatau mai magani yana lissafa saiwoyi da sassaƙe, 'yan mata su shirya auren Mairama da Daudu su nuna zaman miji da mata, a Kano kuma Nalako ya bi gwagware da kiɗa da tsokana. Akwai shiga, akwai rabon matsayi, akwai zance da amsa, akwai saƙo. Abin da babu shi ne takarda da labule, kuma ban san ranar da aka yanke cewa waɗannan biyun su ne wasa ba.

Yanzu ga batunka na kwaikwayon babba, wanda shi ne mai nauyi, kuma a nan ba zan goyi bayanka gaba ɗaya ba. Gaskiya ne al'ada ta ba ɗan wasa damar da ba ta ba kowa ba. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida kan yi shigar sarki da hakimansa da fadawansa, su yi zaman fada, su kwaikwayi yadda kowa ke magana da yadda yake hukunci, sarki kuwa yana kallo, ta haka yake jin abin da babu mai iya faɗa masa a zaure. A ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona samari kan yi kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali da ɗan doka, su kafa mulkin 'yan kwanaki wanda kowa ya san hoton na gaske ne. 'Yan kama su ma sukan ɗauki salon karatun malamai da wa'azinsu su juye shi kan tuwo da nama. Saboda haka duk dattijon da ya ce maka kwaikwayon manya baƙon abu ne da boko ya kawo, to ya manta da ƙuruciyarsa.

Amma ka lura da abin da ya haɗa waɗannan wasanni. Kowannensu yana da lokacinsa da aka sani, yana da izinin da gari ya bayar tun kaka da kakanni, kuma galibi a gaban mai abin ake yi, ba a bayan idonsa ba. Matan da ke kwaikwayon sarki sun san yana zaune yana gani, wannan ne ke sa su auna abin da za su fito da shi, shi ne kuma ke sa shi ya haɗiye, domin idan ya yi fushi ya tabbatar da zargin da kansa. Ku kuwa, bisa ga abin da ka rubuto, ba ku kai wa mai unguwa goron gayyata ba, ba ku ajiye masa kujera ba, sai labari ya je masa a bakin 'yan kai-komo, kuma ka san yadda magana ke ƙara kiba a hanya. Abu na biyu ya fi wannan muni. Ka haɗa laifi takamaimai, wato cin dukiyar marayu, da kamannin mutum takamaimai wanda duk ɗakin ya gane shi tun daga gyaran muryar farko. Idan ya aikata, wurin maganar gaban alƙali ne da shaidu. Idan bai aikata ba, ka yi masa ƙazafi a bainar jama'a, kuma rigar wasa ba ta wanke wannan. Ɗan tashe halin yake kamawa ya bar mai halin ya tsargu da kansa. Da ka ƙirƙiri naka mai unguwar, da tafiyarsa da tarinsa na daban, da saƙon ya isa inda ka aika shi ba tare da ka ba kowa sandar dukanka ba.

Kada ka ɗauka ina cewa wasa ya ji tsoron masu mulki. Malam Aminu Kano tun yana matashi ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen fallasa zaluncin ma'aikatan En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta wancan zamani, da cutar da ake yi wa talaka a kasuwa, kuma an ji zafin abin a inda ya kamata a ji. Sai dai tsari ya sa a gaba, ba ɗingishin wani ba.

Game da daraktanku da ke son a yi tsit kamar ana jana'iza, bari in ba ka labarin abin da ya faru a gabana. A shekarun 1970, ina ƙaramin malamin makaranta, muna da ƙungiyar wasa a garin da aka tura ni aiki. Dandalinmu filin makaranta ne, labulenmu zannuwan gado biyu da muka aro aka ɗaure a jikin gora, haskenmu fitilun ƙwai guda huɗu da wata fitilar gas da shugaban makaranta ke ba mu aro bisa sharaɗin mu sayi kananzir. Ba mu rubuta komai sai jerin fitowa a bayan takardar jarrabawa. Kowa ya san halin wanda zai fito a madadinsa, maganar kuwa a take take zuwa. Sai aka kawo mana wani sabon malami da ya yi kwas a birni, ya ce duk abin da muke yi shirme ne, ya rubuta mana wasa shafi arba'in ya ce a haddace, ya kuma sa aka yi shela cewa ba a yarda mai kallo ya yi magana ba. Ranar wasa, ana tsakiyar wurin da mugun miji ke ƙirga wa matarsa ƙwayar gero yana kulle rumbu, sai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta miƙe daga kan tabarmarta, ta nuna shi da sandar rake, ta ce, "Kai dai Allah wadaran halinka, haka ubanka ya yi wa uwarka?" Fili ya kaure da shewa. Wanda ke yin mijin, da a da ne, da ya juyo ya ba ta amsa a cikin halin mijin, wasa ya ƙara armashi. Amma ya haddace layinsa yana tsoron ya ɓace masa, sai ya tsaya ƙiƙam, malamin nan kuma ya fito daga bayan zanin gado yana tafa hannu yana faɗa da Turanci. Tsohuwa ta naɗe tabarmarta, mata suka bi ta, kafin a kai ƙarshe sai mu da yara da fitilu. Har yau ina ganin wannan tsohuwa ita ce mai kallo mafi daraja da muka taɓa samu, domin ita kaɗai ta yarda da mu har ta manta wasa muke.

Mai kallo a wurinmu abokin aiki ne. Yana amshi, yana gargaɗin wanda za a cuta, yana tsine wa azzalumi, kuma gwanintar ɗan wasa ita ce ya karɓi abin da aka jefo masa ya mayar da shi cikin wasa. Haka ƙungiyoyin samariya na Damagaram da sauran garuruwan Nijar suka yi suna a zamanin mulkin Shugaba Saini Kunce, haka su Yazi Dogo suka riƙe jama'a, da labarin da aka tsara a baki aka bar wa kowa sarari ya zuba basirarsa. Shirun da daraktanku ke nema ladabin wasu ɗakunan wasa ne na Turai, yana da kyau a wurinsa, amma ba sharaɗin wasa ba ne. Idan hayaniya ta hana a ji magana, wannan daban, sai a sa dattijo ɗaya a gaba ya riƙa cewa a saurara.

Ba na so ka fahimce ni da cewa ina raina ilimin jami'a, domin masu ilimin na gaske ba su raina tashe ba. A tsakiyar shekarun 1970, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta tashi gina wurin wasanta, da ƙasa ta gina shi, da ɗakuna masu jinka kewaye da fili a buɗe, kamar tsakar gidan Bahaushe, kuma malamai da ɗalibanta suka riƙa fita da wasa zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye, suna zama da manoma suna gina labari daga matsalolinsu. Waɗanda suka fi kowa karatu su suka tafi koyo wurin jama'a. Wanda ya tsaya rabin hanya shi ne ke dawowa unguwa da kalmomi biyar na Turanci yana auna kowa da su, kamar mai awo da ya aro mudun wata kasuwa. Ka duba sharhin nasa da kyau. Idan ya ce fitowa ta uku ta yi tsawo har mutane suka fara hamma, ko muryar wane ba ta kai bayan ɗaki, ko ƙarshen labarin bai biyo daga farkonsa ba, to ka karɓa ka gode masa ko da ya faɗa da gatsali, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan kuwa sunayen masanan Turai kawai ya jera, bai ambaci abu ɗaya da ya gani da idonsa a daren ba, to kansa yake tallatawa, ku kun zama tebur ne da ya baza hajarsa. A zamanin tashe mai sharhi ita ce uwar gida da ke bayan ƙofa: idan kun burge ta ta cika muku ƙwarya da gero, idan kun yi lami ta ce Allah ya ba da haƙuri. Ba ta san sunan ko wane masani ba, amma ta kalla daga farko har ƙarshe kafin ta yanke, wanda ba kowane mai alƙalami ke yi ba.

Sai dai girman kai ba a wurin masu sharhi kaɗai yake ba, kuma tunda ɗana kake zan faɗa maka. Na lura a saƙonka sau uku ka kira kanka jarumi. A da wanda ya tsaya a fagen daga ake kira haka. Yanzu yaro ya fito sau ɗaya a ɗakin taron firamare sai ya sayi baƙin tabarau, ya daina gaida mutane, ya ce shi mai fasaha ne jama'a ba su kai su gane shi ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja, tsohon soja ne da ya san barikin da yake kwaikwaya ciki da waje, shi ya sa soja da farar hula duk suka ga kansu a wasansa. Marigayi Ƙasimu Yero ya shafe shekaru yana sa Arewa dariya a talabijin saboda ya san yadda mutane ke magana a zaure da kasuwa. Ita kanta sana'ar finafinan Hausa daga irin ƙungiyarku ta tsiro, domin ƙungiyar wasa ta Tumbin Giwa a Kano ce ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Duk waɗannan da kunne suka fara, suna sauraron mutane, kuma ranar da ɗan wasa ya fara ganin ya fi masu kallonsa, ranar ya rufe rijiyar da yake sha.

Abin da nake so ka yi shi ne, ka sami kawunka ya raka ka gidan mai unguwa da goro, ka durƙusa ka ce kuskure ne na ƙuruciya, ba tare da ka tsaya kare fasaha ba. Idan ya huce, ku gaya masa kuna shirya wani wasan, ku roƙe shi ya zama uban taro, ku ajiye masa kujera a sahun gaba. Kada ku cire mugun shugaba daga labarin, ku dai sauya masa tafiya da murya. Shi ma mai sharhin ku aika masa da gayyata, ku ce ya zo tun lokacin gwaji ya nuna muku inda yake ganin gyara, a nan za ku san ko akwai hatsi a buhunsa. Daraktanku kuma ka karanta masa labarin mai ƙosai. Ka sanar da ni ranar da kuka tsayar tun da wuri, domin in Allah ya kai mu ina so in zo, kuma ka gaya masa tun yanzu cewa ni ba na iya kallon wasa bakina a rufe.

Ka gaida mutanen gida baki ɗaya.

Baffanka.