Amsa kan bambance gizo-gizon ƙasa: a fara daga baya, launi ya zo ƙarshe

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka ɗaga tubala a wani kango da ke Dundaye ka tarar da gizo-gizo iri uku, baƙi mai sheƙi, da mai ruwan ƙasa, da wata mai jan farin ƙunshi a bayanta, kana son sanin ko dangi ɗaya ne. Na daɗe ina tattara waɗannan halittu a fadamar Kwalkwalawa da gefen gulbin Rima, kuma shawarata ita ce ka ajiye batun launi tukuna, domin shi ne ya fi yaudarar mai koyo.

Ta ukun ba ta cikinsu. Wadda ke ɗaure ƙunshin ƙwai a ƙarshen cikinta tana yawo da shi, daga baya ta goya 'ya'yan, 'yar dangin Lycosidae ce. Idanunta jeri uku ne, ƙanana 4 a ƙasa, manya 2 a tsakiya, wasu 2 a sama, kuma idan ka haska tocila da dare za ka ga suna ƙyalli daga nesa.

Sauran biyun, bisa yadda ka siffanta su, sun fi kama da dangin Gnaphosidae, wato gizo-gizon ƙasa, wanda ke da nau'i fiye da 2,000 a duniya. Abin da zai tabbatar maka yana can ƙarshen ciki, wurin 'yan bututun da zare ke fitowa. A wannan dangi, biyun gaba dogaye ne, kaurinsu ɗaya daga tushe har baki, kuma akwai sarari a tsakaninsu, har ana hango su daga sama da gilashin ƙara girma na hannu. A dangin Clubionidae, waɗanda ake yawan rikita su da su, bututun suna tsukewa wajen baki kuma a haɗe suke. Siffar bututun Gnaphosidae tana da dalili: ba sa saƙa yana don kama abinci, farauta suke yi da dare, kuma wasunsu da zare mai danƙo daga waɗannan bututun suke ɗaure ƙafafun abin da suka kama, ko da wani gizo-gizon ne. Sai ka duba idanu biyu na tsakiya a jerin baya, waɗanda galibi ba zagayayyu ba ne, a karkace suke kuma suna da hasken azurfa.

Raba 'yan gida ɗaya shi ne aikin da ke bukatar haƙuri da na'urar duba ƙananan halittu. Baƙin nan ina kyautata zaton Zelotes ne, amma kada ka rubuta sunan sai ka juya ƙafa ta uku da ta huɗu, ka duba ƙarshen gaɓa ta biyu daga ƙarshe, ta ƙasa. Akwai jerin gashi masu tauri a miƙe, wanda masana ke kira mataji. Ko ka same shi aiki bai ƙare ba, domin Camillina da Trachyzelotes ma suna da shi: na farko idanunsa na tsakiya a jerin baya manya ne har sun kusa taɓa juna, na biyu kuma yana da curin gashi masu tauri a gaban muƙamuƙansa. Mai ruwan ƙasan zai iya zama Drassodes, wanda ba shi da mataji, amma yana da ɗan giɓi a ƙasan gaɓar ƙafa ta biyu daga jiki. Gnaphosa kuwa ana gane shi da wani tudu mai haƙora irin na zarto a gefen baya na muƙamuƙi.

Sunan nau'i ba ya samuwa sai daga balagagge, ta hanyar duba kumburarrun hannuwan namiji da ke gefen baki ko farantin al'aurar mace a ƙasan ciki. Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai ke laƙaba wa ƙananan da ba su balaga ba suna daga hoton waya, alhali gizo-gizon yankinmu ba a gama nazarinsu ba. Ka sa kowanne a kwalbarsa cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka rubuta wuri da kwanan wata da fensir a takarda ka jefa ciki, sannan ka turo mana hoton ƙarshen cikin daga ƙasa, da na fuskar daga gaba.