Sun Ji Bayaninki, To Me Ya Hana Su Canzawa?

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce tunda aka mayar da ke sashen lafiyar al'umma, kusan kullum sai kin tsaya gaban manya kin yi musu bayanin hawan jini da ciwon suga. Su gyaɗa kai, su yi miki godiya, amma in wata ya zagayo suka dawo awo sai ki tarar lambar tana nan inda kika bar ta, ta wani ma ta ƙara sama. Kika ce: "Anti, ni ce ban iya bayani ba, ko da ma aikin ne ba ya ci? Ba gara in koma ɗakin kwanciyar marasa lafiya ba, inda nake ganin rauni yana warkewa da idona?"

Dakata tukuna, kada ki nemi canji. Bayani kam kin iya. Abin da ba ki gama sabawa da shi ba shi ne mutumin da ke gabanki yanzu daban yake da wanda kika saba gani a gado. Mai kwanciya a hannunki yake: ke ce mai ba shi magani, ke ce mai tsayawa a kansa har ya haɗiye. Wannan kuwa minti goma yake yi da ke, sauran watan duka a gidansa da wurin nemansa yake yinsa. Babba ne, ga iyali, ga hidima, ga ɗabi'ar da ya shekara talatin a kanta. Shawarar da za ta yi aiki ita ce wadda ya yanke da kansa bayan ya bar gabanki. Shi ya sa a taron duniya na farko kan inganta lafiya, wanda aka yi a Otawa ta ƙasar Kanada a 1986, aka tsayar da cewa aikin shi ne ba mutane dama su ƙara riƙe ragamar lafiyarsu, su kuma kyautata ta. Namu shi ne mu sauƙaƙa musu riƙon.

Amma kafin baki, bari in fara da hannu, domin in lambar ba ta gaskiya ba ce, duk abin da aka ɗora a kanta ya rushe. Mutum ya shigo yana haki, ya sha tafiya ya sha layi, kika ɗaura masa na'ura nan take a kan hannun riga yana ba ki labari, to gajiyar hanya kika auna. Ki zaunar da shi minti biyar. Bayansa ya jingina da kujera, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, kada ya harɗe su. Hannunsa ya huta a kan tebur daidai saitin zuciya, abin ɗaurin na'urar a kan fatar dantse, kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Ki tambaye shi ko yana jin fitsari, don cikakkiyar mafitsara tana ɗaga lamba, haka ma taba ko kofi in an sha cikin rabin awar da ta wuce. Ku yi shiru ku biyun har a gama. Inda na fi ganin ana sakaci shi ne girman abin ɗaurin: ƙarami a kan babban dantse yana ba da lamba sama da ta gaskiya, a wayi gari an tsorata mutum ko an ƙara masa magani ba gaira ba dalili. Ki auna sau biyu, da minti ɗaya a tsakani. A zuwan farko ki gwada hannu biyun, ki riƙe wanda ya fi yawa, ki rubuta a katinsa don na gaba ya san hannun da zai kama. Kuma awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin lambobi biyun da na'urar ke nunawa, sai an samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a ranaku biyu daban-daban kafin a ce hawan jini ne.

In kin gama, ki juya masa na'urar ya gani da idonsa, ki faɗa masa inda yake da inda ake so ya kai. Hawan jini galibi ba ya nuna alama. Manya fiye da biliyan ɗaya ke ɗauke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba. Saboda haka in wani ya ce miki "Ni lafiyata lau," ba gardama yake yi ba, abin da jikinsa ke gaya masa ke nan. Lambar nan ita kaɗai ce shaidarki, sai ta zama tasa kafin ya damu da ita.

Yanzu ga inda nake so ki fi mai da hankali, wato tambaya. In kika ce "Kana shan maganinka?" kowa "Eh" zai ce, don ba mai son a yi masa faɗa a gaban tebur. Akwai wani dattijo da aka taɓa haɗa ni da shi, an riga an yi masa shaidar taurin kai, lambarsa ta ƙi sauka. Na ce masa: "Baba, shan magani kullum yana ba mutane da yawa wahala. A makon nan da ya wuce, sau nawa ya kuɓuce maka?" Ya yi shiru, yana jujjuya katinsa a hannu. Can sai ya sunkuya ya zare takalmi, ya ɗage ƙafar wando. Idon sawunsa ya kumbura sumtum, na danna da babban yatsa, gurbin ya tsaya bai ciko ba sai da aka jima. Ashe tunda aka ɗora shi kan maganin hawan jini mai suna amlodipine ƙafar ta fara haka, ya ɗauka maganin ne ke cin ƙodarsa, ya ajiye shi, kunya kuma ta hana shi faɗa. Kumburin idon sawu sanannen abu ne da wannan magani. Muka shiga wajen likita tare, aka duba shi, aka gyara masa, ya koma sha. Da na yi masa laccar illar hawan jini sau goma, takalmin nan ba zai fita ba.

Don haka ki san magungunan da mutanenki ke sha kamar yadda kika san sunayensu. Na hawan jini irin su lisinopril da enalapril suna jawo busasshen tari mai naci, kuma ba a ba mai ciki, sai ki tambayi mace ko tana da ciki ko tana nema. Masu sa fitsari suna takura wa direba da duk wanda aikinsa ba ya barinsa ya zaga, sai ya riƙa tsallakewa ranar aiki. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutane ke saya da kansu, suna iya ɗaga jini su kuma taɓa ƙoda. Ki roƙe su su zo da duk abin da suke sha a leda guda, har wanda ba asibiti ne ya ba su ba, ki baje a tebur ku duba tare ba tare da kin ɓata fuska ba. Kuma ki riga su faɗin abin da maganin zai iya haifarwa tun ranar farko, ki ce in ya faru su dawo, kada su daina da kansu. Kada ki ɗauka mutanenki ne kaɗai ke tsallake magani. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 ya nuna ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu cuta mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka tsara musu.

Game da faɗa da tsoratarwa, ni dai ban yarda da su ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, ya yi rubutu a 1983 daga aikinsa da mashaya giya, inda ya nuna cewa matsa wa mutum da hujja yana sa shi ya koma kare ɗabi'ar tasa. Ke kina kawo dalilin bari, shi yana kawo dalilin ci gaba, kuma abin da ya fito daga bakinsa shi yake zama a ransa. To ki juya lamarin. Ki tambayi mai shan taba me yake samu a cikinta, me kuma ke damunsa game da ita, sannan ki yi shiru. Shirun yana da nauyi, za ki ji kamar ki cike shi. Ki daure. In shi da kansa ya ce "Numfashina ne ya fara ba ni tsoro," kin samu inda za ki kama.

Sannan abu ɗaya za ku ɗauka, shi zai zaɓa. Wanda aka ce masa ya rage gishiri, ya rage ƙiba, ya bar taba, ya motsa jiki, duk a zama guda, ba ko ɗaya da zai yi. In gishiri ya zaɓa, ki nuna masa ƙaramin cokali: ƙasa da giram 5 a rana ake so, wato bai kai cikin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin kayan gwangwani da na leda da sinadaran ɗanɗano. Ki tambayi wa ke girki a gidan, don yawanci mai shan maganin ba shi ne mai riƙe ludayi ba. In ya amince, a gayyato mai girkin. In motsa jiki ya zaɓa, ma'aunin manya minti 150 zuwa 300 ne a mako na motsi matsakaici, irin wanda mutum zai iya magana yana yi amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda bai saba ba ya fara da minti goma, kaɗan ya fi babu. Sai dai a tsayar da rana da lokaci da wuri. "Zan ƙoƙarta" ba ta kai kowa ko'ina.

Kafin ya tashi ki ce: "Don in tabbatar na yi bayani daidai, in ka je gida me za ka gaya musu mun yi da kai?" Nauyin a kanki kika ɗora, ba jarrabawa kike masa ba. A nan za ki ji wanda ya fahimci cewa in kwalin ya ƙare ya warke ke nan, ki gyara tun bai fita ba.

Laccar taron ma kada ki watsar da ita, tana tara jama'a. Ki dai gajarta ta, batu ɗaya, ki bar lokacin tambaya, ki biyo ta da awo. Maganar ƙibar mutum ko sirrin gidansa kuwa sai ku biyu.

Sai littafin rajista, wanda matasa ke gani kamar aikin akawu. Suna, lambar yau, abin da aka yi alkawari, ranar dawowa. Wanda ranarsa ta wuce bai zo ba, shi ne ya fi kowa bukatarki: ki kira shi, ko a je masa. In ya dawo, da alkawarinsa za ki fara, ki yaba abin da ya iya ko da rabi ne. Mutum in ya san akwai mai tuna abin da ya faɗa watan jiya, riƙonsa daban yake. Masu ciwon suga kuma kada su fita ba su cire takalmi ba. Ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don cutar tana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa ya yini bai sani ba.

Akwai kuma inda ake ajiye hira. Lamba ta kai 180 a sama ko 120 a ƙasa tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko dishi-dishin gani, ko ruɗewa, wannan na gaggawa ne. Haka in baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe: alamun shanyewar ɓarin jiki ne, a tafi babban asibiti nan take, ki rubuta lokacin da abin ya fara, don da shi likitoci za su yi aiki. Ki koya wa iyalai alamun nan uku har su haddace. Kuma ki tsaya inda hurumin aikinki ya tsaya, abin da ya wuce shi ki tura.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ya fi ƙarfin teburinki. Wani ya san komai, kuɗin maganin ne babu. Wata nisa ne ke hana ta zuwa. Waɗannan ba a ce musu masu sakaci. Ki rubuta, ki kai gaban shugabanninki da hujja: mutum kaza suka daina saboda tsada, kaza saboda lokacin awo ya ci karo da lokacin aiki. Wani sa'in sauya ranar awo kawai ya fi lacca ɗari amfani. Kuma gajiyar da kike ji tsohuwa ce a wannan sana'a. A 1859, a birnin Libaful na Ingila, William Rathbone ya ɗauki nas Mary Robinson, wadda ta yi jinyar matarsa, ta riƙa bin gidajen talakawa na gwajin wata uku. Wata ɗaya kacal ta yi ta nemi a sallame ta saboda irin wahalar da ta gani. Ya lallashe ta ta ƙarasa, da wa'adin ya cika kuma ita da kanta ta zaɓi ci gaba da aikin. Daga wannan gwaji jinyar bin gida-gida ta kafu a ƙasar.

A ɗakin kwanciya sallama ce ma'aunin nasara. A nan kuwa littafinki ne zai gaya miki: cikin waɗanda kika rubuta, nawa suka dawo a ranarsu, nawa suka sauko ƙasa da 140 da 90 bayan wata uku ko shida, ƙafa nawa kika kama tun tana ɗan ƙurji. Ranar awo mai zuwa ki ware mutum biyar cikin waɗanda lambarsu ta ƙi sauka. Ki sake auna su a tsanake da abin ɗaurin da ya dace da dantsensu, ki yi wa kowanne tambayar "sau nawa ya kuɓuce maka", ki rubuta amsar da kalmominsa. In kin gama ki zo mini da littafin, mu zauna mu duba su ɗaya bayan ɗaya.