Da gaske ne ba a daɗewa ake musayar fursunoni a yaƙin 'yancin Amurka?

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a sakandare. Na faɗa wa ɗalibaina cewa a yaƙin 'yancin Amurka yaƙin mutunci aka yi, da an kama soja ba a jimawa ake musayarsa ya koma gida, kamar yadda na gani a wani rubutu a Facebook. Yanzu kuma na ji an ce wasu matan sun shekara ba su san ko mazajensu na raye ba. Hankalina ya tashi, kada a ce ƙarya na koya wa yara.

Amsa: Malama, ki gyara musu, don wannan magana ta "yaƙin mutunci" ta ishe ni. Kusan kullum sai an kawo min ita, kuma masu yaɗa ta labarin manyan hafsoshi kawai suka karanta.

Hafsa kam ya samu sauƙi. Yakan ba da alkawarin ba zai gudu ba, a bar shi ya kama ɗaki a gidan wani manomi a tsibirin Long Island kusa da birnin New York, yana rubuta wa iyalinsa wasiƙa. Janar Charles Lee na Amurka da sojojin Ingila suka kama a Disamba 1776 an musanya shi da Janar Richard Prescott na Ingila a 1778. To ki lura, janar guda ma sai da ya haura shekara a hannu. Ina ga ƙaramin soja?

Tushen matsalar shi ne Ingila ta ƙi ƙulla cikakkiyar yarjejeniyar musaya, domin sa hannu a kanta tamkar amincewa ne cewa Amurka ƙasa ce. A wurinta 'yan tawaye ta kama. Sai a 1782 majalisarta ta yarda a ɗauke su fursunonin yaƙi. Kafin nan kwamandoji ne ke ɗan ciniki tsakaninsu, yau a daidaita, gobe a watse.

Ana wannan ja-in-ja mutane na mutuwa. Sojojin Amurka kimanin 2,800 aka kama a sansanin Fort Washington a Nuwamba 1776, aka cusa su a majami'u da ma'ajiyar sukari a birnin New York cikin tsananin hunturu. Da Janar Howe, kwamandan sojojin Ingila, ya saki wasunsu, da yawa a hanyar gida suka cika, har Janar George Washington, kwamandan sojojin Amurka, ya ƙi ba da lafiyayyun sojojin Ingila a madadinsu. Mafi muni su ne tsofaffin jiragen ruwa da aka mayar kurkuku a Wallabout, wata gaɓar ruwa kusa da birnin New York, irin su jirgin Jersey. Da rana ta faɗi a rufe mutane a ƙasan jirgi, ga agana ga atini, da safe a fito da gawawwaki a turbuɗe su sama-sama a yashin bakin ruwa. An ƙiyasta fiye da mutum 11,000 suka mutu a waɗannan jiragen, sun zarce waɗanda suka faɗi a fagen fama.

Kada kuma ki wanke Amurkawa. Yawancin na cikin Jersey matuƙan jiragen 'yan kasuwa ne masu lasisin kai hari, kuma Washington ya ƙi fansarsu da ƙwararrun sojojin Ingila, don ba sojojinsa ba ne. Haka rundunar Janar Burgoyne na Ingila da ta miƙa wuya a Saratoga a 1777 bisa sharaɗin za a bar ta ta koma Turai: majalisar Amurka ta ƙi cika alkawari, aka kora su a ƙafa har Bajiniya. Matar Janar Riedesel, wani Bajamushe da ke cikin wannan runduna, ta bi mijinta da 'ya'yanta ƙanana.

Ita matar janar ce, ta san inda nata yake. Matar manomin da ya tafi yaƙi kuwa babu ofishin da zai sanar da ita. Sai dai ta tambayi wanda aka sako, ko ta rubuta koke, ko ta aika da tufafi ba tabbacin za su isa. Ba ta san ko ta shiga zaman makoki ko ta ci gaba da jira ba, ga gona ga yara. Wasu sai bayan sulhun 1783 da aka buɗe kurkukun suka gane nasu ba ya cikin masu fitowa.